Yadda za a sa layin «wane ya rubuta» ya riƙa fitowa da kansa a amsar imel

Sakatariya, Kawo

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana kwamfuta a kan wata matsala da ta shafi aikin ofishinmu. Ni ce sakatariyar wata ƙungiyar 'yan kasuwa masu sayar da citta da masara da waken soya, kuma mafi yawan cinikin da muke yi da masu saye na Legas da Maraɗi da Dubai ta imel ake ƙulla shi, domin a nan ake aiko da farashi da yawan buhuna da ranar lodi.

Kwamfutar ofis tana da manhajar imel mai suna Thunderbird. Idan na danna maɓallin amsa, tsohon saƙon yana saukowa ƙarƙashin inda zan yi rubutu, amma babu wani layi a samansa da ke nuna wanda ya rubuta shi da ranar da ya rubuta. Idan saƙo ɗaya ne, babu damuwa. Sai dai ciniki guda yakan ɗauki doguwar musaya, shugabanmu ya sa baki, ma'aji ya sa baki, wakilin mai saye shi ma ya sa baki, har a wayi gari ana karanta «mun amince da haka» ba a san daga bakin wa maganar ta fito ba. Kwanan baya sai da aka yi ja-in-ja tsakaninmu da wani mai saye a kan wanda zai biya kuɗin motar da za ta ɗauko citta daga Kachia, kuma kowane ɓangare yana nuna layi ɗaya yana cewa ɗayan ne ya rubuta shi.

Ina so layin ya riƙa fitowa da kansa ba sai na buga shi da hannu ba, kuma idan zai yiwu ya fito da Hausa. Shugabanmu da Gmail yake amsawa a wayarsa, ma'aji kuma yana shiga ta burauza, ta shafin imel mai suna Roundcube da ya zo tare da adireshin ƙungiya. Shin akwai yadda za a yi layinmu mu duka ya zama iri ɗaya? Na gode.

Mai gyaran kwamfuta, Tudun Wada

Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da kike nema yana cikin Thunderbird tun asali, kuma ga dukkan alamu wani ne ya kashe shi a kwamfutar ofishinku. Ba a ajiye shi a cikin saitunan da ake gani a fili ba, shi ya sa ba ki ci karo da shi ba.

Ki buɗe Settings, ki tsaya a sashen General, ki gangara har ƙarshen shafin, za ki ga maɓallin Config Editor. A akwatin bincikensa ki rubuta mailnews.reply_header_type. Lamba ce za ta fito a gabansa, kuma ita ce ke yanke yadda layin zai kasance. Idan 0 ce, babu layin da ke nuna suna ko rana, kuma ina kyautata zaton ita za ki tarar. Lamba 1 tana kawo sunan marubuci kawai, 2 tana fara kawo rana da lokaci sannan suna, 3 kuma tana fara kawo suna sannan rana da lokaci. Ki danna alamar fensir, ki mayar da ita 2, ki adana.

Maganar Hausa ma mai sauƙi ce. A wannan akwati dai ki nemi mailnews.reply_header_ondateauthorwrote, wanda shi ne jimlar da lamba 2 ke amfani da ita. Za ki ga an rubuta «On #2 #3, #1 wrote:». Alamar #1 tana tsaye a madadin sunan wanda ya aiko saƙon, #2 ranar da ya aiko, #3 kuma lokacin. Kalmomin da ke tsakaninsu naki ne, ki share su ki rubuta abin da kike so, muddin kin bar alamomin uku yadda suke. Misali: «A ranar #2 da ƙarfe #3, #1 ya rubuta:». Daga nan ki leƙa Account Settings, sashen Composition & Addressing, ki tabbatar an kunna kawo tsohon saƙo a cikin amsa, domin layin tare da shi yake zuwa. A nan ne kuma ake zaɓar ko amsarki za ta fara a saman tsohon saƙo ko a ƙasansa. Gyaran Config Editor ɗin yana shafar duk adireshin da ke cikin Thunderbird ɗin, amma a wannan kwamfuta kaɗai. Idan kuna da wata, sai an maimaita a can.

Tambayarki ta ƙarshe ita ce mai wuya, kuma dalilinta shi ne layin ba ya tafiya da akwatin imel. Manhajar da mutum ya danna amsa a cikinta ita ce ke rubuta shi a daidai wannan lokacin. Saboda haka mutum uku masu adireshin ƙungiya ɗaya, idan manhajojinsu uku ne, layukansu ma uku za su kasance.

Gmail yana sa nasa layin da kansa, da rana da lokaci da suna da adireshin mai aikowa, kuma bai bayar da wurin canza kalmominsa ba, a waya ko a burauza. Harshen da mutum ya saita Gmail ɗinsa shi layin ke bi, abin da ya sa idan abokan cinikinku na Maraɗi suka amsa za ki ga nasu ya ƙare da «a écrit», da Faransanci. Yana kuma naɗe tsohon saƙon a ƙarƙashin ɗige uku, sai an danna su yake bayyana, don haka mutane da yawa ba su ma san layin yana nan ba. Idan shugabanku ya haɗa akwatinsa na Gmail da Thunderbird ta IMAP, wato hanyar da manhaja ke haɗuwa da akwatin imel, duk amsar da ya yi daga kwamfuta za ta fito da layin Hausa, amma wadda ya yi daga manhajar Gmail ta waya za ta ci gaba da fitowa da nata.

Roundcube ma yana sa layin da kansa. Jimlarsa tana cikin fayil ɗin harshe a kan sabar, ƙarƙashin suna mailreplyintro, kuma idan hayar wuri kuke yi a sabar da ake tarayya a kanta, kamfanin da ya ba ku haya ne ke da ikon taɓa wannan fayil. Ko an gyara shi, sabunta manhajar yakan shafe gyaran. Abin da ma'ajinku zai iya yi da kansa shi ne ya shiga saitunansa ya daidaita tsarin kwanan wata da yankin lokaci.

Ga masu Outlook da za su karanta wannan, ba layi ɗaya yake sawa ba, jeri ne na From da Sent da To da Subject a saman tsohon saƙon. Bayaninsa ya cika, amma canza shi sai da rubuta ɗan shiri da harshen kwamfuta na VBA a tsohon Outlook na Windows, sabon kuwa ba ya karɓar VBA. Masu manhajar imel ta Mutt a Linux su ne suka huta, layi ɗaya ne a fayil ɗin saiti: set attribution="Daga %n, ranar %d:".

Shawarata ita ce ki gyara na ofis, ki bar na shugaba da na ma'aji yadda suke, tun da dukansu suna nuna suna da rana.

Dattijo, Unguwar Rimi

'Yata, Malam ya yi miki bayanin na'ura, ni kuma zan tsaya a kan jimlar da za ki sa, domin ita ce mutane za su riƙa karantawa kullum da sunan ƙungiyarku. Aikin rajista na yi a ma'aikatar gwamnati har na yi ritaya, kuma a can duk wanda ya rubuta sharhi a cikin fayil, komai gajartarsa, sai ya sa hannu ya rubuta kwanan wata a ƙarƙashinsa. Sharhin da ba shi da waɗannan biyu mayar wa mai shi muke yi kafin fayil ya wuce tebur na gaba.

Jimlar da Malam ya kawo misali da ita tana da aibi guda. Kwamfuta ba ta san namiji ba, ba ta san mace ba, saboda haka duk ranar da kika amsa wa wata Hajiya mai sayen waken soya za ta buɗe saƙo ta ga «wance ya rubuta». Mai karanta Hausa ba ya wuce wannan bai ji wani iri ba. Wasu za su ce a sa «sun rubuta» don girmamawa, amma a wurinku wannan zai dawo da matsalar da kike gudu, domin mai karatu zai iya ɗauka mutane da yawa ne suka haɗu suka yi maganar, alhali ku kuna son a san mutum ɗaya da ya faɗa. Iyayenmu da suke rubuta wasiƙa sun daɗe da warware wannan, suna farawa da «takarda ta fito daga hannun wane». Ki ɗauki wannan, ki rubuta: «Daga hannun #1, ranar #2, ƙarfe #3:». Ya dace da namiji, ya dace da mace, ya dace da kamfani.

Kwanan wata ma a kula da shi. Idan aka rubuta 03/04/2025, mu a nan ranar 3 ga Afrilu muke karantawa, amma kwamfutar da aka bari a kan tsarin Amurka ranar 4 ga Maris take nufi. A cinikin da ake ƙirga kwanaki daga ranar amincewa zuwa ranar lodi, wata guda ke nan ya shiga tsakani.

Sannan kada samun layin ya sa ki riƙa jan dukan tsofaffin saƙonni a bayan kowace amsa. Ki bar layin, ki bar jimlar da kike amsawa, ki share sauran. Idan mai saye ya yi tambaya uku, ki bar kowace tambaya ki rubuta amsarta a ƙarƙashinta. Wanda ya buɗe a waya zai gode miki.

Lauya, Barnawa

Hajiya, ina goyon bayan ki sa layin, kuma jimlar Baba ta fi dacewa. Amma tun da kin ambaci ja-in-ja a kan kuɗin mota, ya zama wajibi in ja hankalinki ga iyakar amfaninsa. Wannan layi rubutu ne kamar kowane rubutu a jikin saƙo. Kafin ki danna aikawa kina iya canza sunan, ki canza ranar, ki canza ma maganar da ke ƙarƙashinsa, kuma wanda ke ɗaya ɓangaren shi ma yana iya yin haka. Yana taimaka wa mai karatu ya bi zance, amma ba ya tabbatar da cewa wane ya faɗi abin da aka jingina masa.

Abin da ke da nauyi shi ne ainihin saƙon da ya shigo akwatinku, tare da bayanan da ke kansa waɗanda ba a nunawa sai an nema: Date da From da Message-ID, da layukan Received da ke nuna sabar da saƙon ya ratsa, da sa hannun DKIM, wato hatimin lantarki da sabar mai aikowa ke sawa, idan akwai, da kuma In-Reply-To da ke nuna saƙon da aka amsa. A Thunderbird, idan kika buɗe saƙo kika danna Ctrl da U tare, za ki gan su. A Gmail na burauza ana ganinsu ta Show original. Duk saƙon da aka amince da farashi ko sharaɗi a cikinsa, ki adana shi a matsayin fayil na eml, wato fayil mai ɗauke da saƙon da bayanan kansa, a wani wuri dabam, kuma kada ki share shi daga akwati don ganin cewa an kwafo shi a cikin amsoshin da suka biyo baya. Kwafin ba ya maye gurbin asali.

Idan magana ta kai kotu, sashe na 84 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ne ke tsara karɓar takardar da aka fitar daga kwamfuta. Yana buƙatar a nuna cewa ana amfani da na'urar a kai a kai don irin wannan aiki, kuma tana aiki daidai a lokacin, sannan ya tanadi takardar shaida daga wanda ke kula da ita. Kotun Ƙoli ta ƙarfafa wannan a shari'ar Kubor da Dickson, wadda ta taso daga zaɓen gwamnan Bayelsa, inda ta ƙi amincewa da takardun da aka bugo daga intanet saboda ba a cika sharuɗɗan sashen ba. Wanda ya zo da amsa da aka buga a takarda, yana nuna layin «wane ya rubuta» kawai, ya zo da abu mai rauni.

Akwai kuma damfara da ake yi da wannan layi, kuma 'yan kasuwa ne aka fi yi wa. Mutum ya ƙirƙiri saƙo, ya jera tsofaffin maganganu a ƙasa da sunayen mutanen da kuka sani da ranaku masu kama da gaskiya, sannan a sama ya ce an canza lambar asusun banki. Ganin sunan shugabanku a cikin jerin yana kwantar da hankalin ma'aji. Duk saƙon da ya zo da sabuwar lambar asusu, a kira mai shi ta lambar wayar da aka sani tun da, ba wadda ke cikin saƙon ba.

Abu na ƙarshe shi ne adireshi. Layin Gmail yana ɗauke da adireshin mai aikowa, don haka idan shugabanku ya ƙara wani sabon mutum a cikin amsa, ya miƙa masa adireshin duk waɗanda ke cikin jerin. Adireshin imel na mutum yana cikin bayanan da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafa, ga shi kuma a kasuwanci yana iya sa mai saye ya tsallake ku ya nemi wanda ke kawo muku kaya kai tsaye. A duba ƙasan saƙo kafin a ƙara baƙo.

Mai gyaran kwamfuta, Tudun Wada

Gyaran Baba ya yi daidai, a ɗauki jimlarsa. Maganar share abin da ba a buƙata kuwa tsohuwar ƙa'ida ce a intanet, tana cikin takardar ladubba mai lamba RFC 1855 da ta fito a watan Oktoba na 1995, wadda ta ce a kawo daga tsohon saƙo gwargwadon abin da zai sa a fahimci zancen.

Kwanan wata yana da magani. Thunderbird yana bin tsarin harshensa ko tsarin yankin da aka saita a kwamfuta, kuma zaɓin yana cikin General. Amma abin da ya fi yanke shakka shi ne ki koma Config Editor ki ƙirƙiri sabon saiti na rubutu mai suna intl.date_time.pattern_override.date_short, ki ba shi yyyy-MM-dd, sannan ki rufe manhajar ki sake buɗewa. Ranar 3 ga Afrilu za ta fito 2025-04-03, shekara sannan wata sannan rana, wato tsarin ISO 8601, kuma har jerin saƙonninki zai koma haka.

Lokacin da ke fitowa a layin na agogon kwamfutarki ne, ba na wanda ya aiko ba. Dubai tana gaban Najeriya da awa 3, saboda haka saƙon da aka aiko da ƙarfe 1 na dare ranar 4 ga wata a can, a wurinki ƙarfe 10 na dare ne ranar 3 ga wata. Shi zai rantse ranar 4 ya rubuta, layinki ya ce ranar 3, kuma dukanku kuna da gaskiya. Ki ƙara «agogon Najeriya» a ƙarshen jimlar.

Inda nake da ɗan ja shi ne amfani da Hausa ga kowa. Wasu manyan kamfanoni suna karɓar saƙonni ta manhajar da ke neman «On ... wrote:» don ta gane inda sabuwar magana ta ƙare, kuma idan ba ta gan shi ba tana iya haɗa tsoho da sabo wuri guda. Idan kuna da irin waɗannan abokan hulɗa, akwai ƙarin manhaja mai suna SmartTemplates da ke ba kowane adireshi jimlarsa, sai a ware ɗaya don waje. Harafin ƙ na «ƙarfe» ba abin damuwa ba ne, domin Thunderbird na yanzu da UTF-8 yake aikawa, tsarin da ke ɗaukar irin waɗannan haruffa.

Sakatariya, Kawo

Allah ya saka muku da alheri, Baba da Barista da Malam. Lambar 0 ce na tarar kamar yadda Malam ya yi zato, na mayar da ita 2, kuma yanzu layin yana fitowa haka: «Daga hannun wane, ranar 2025-04-03, ƙarfe 10:15 agogon Najeriya:». Masu sayenmu na waje ƙananan kamfanoni ne da mutum ke karanta saƙo da idonsa, sunaye da lambobi kuwa kowa yana gane su, don haka mun bar Hausar ga kowa. Na buɗe jaka ta musamman don saƙonnin amincewa, kuma shugaba ya yarda cewa ba za a biya kuɗi a sabon asusu ba sai an yi waya.

Saura abu ɗaya. Idan na tura wa ma'aji saƙon wani, ba amsa ba, layin ba ya fitowa. Akwai abin da ya rage in gyara ne?

Mai gyaran kwamfuta, Tudun Wada

Babu abin da ya rage, Hajiya. Turawa tsarinta dabam: Thunderbird yana sa kan bayani mai Subject da Date da From da To a saman saƙon da aka tura, kuma saitin da kika gyara bai shafe shi ba. Idan saƙon ciniki ne irin wanda Barista ya yi magana a kai, ki danna shi da maɓallin dama na linzami, ki zaɓi Forward As sannan Attachment. Ta haka zai isa wurin ma'aji a matsayin fayil na eml da dukan bayanan kansa, ya buɗe shi ya ga ainihin wanda ya aiko da lokacin da ya shigo. Idan kina so duk turawa ta riƙa tafiya haka, zaɓin yana cikin Settings, sashen Composition.